Takwarar Madam Vallin

Akwai wata mata a garinmu Lyon, zamanin kakannin kakanninmu, ana ce mata Madam Vallin. Ni ɗan Tudu ne, unguwar masu saƙa, kuma har yau in aka ambaci matar nan a wajenmu sai ka ga tsofaffi sun taɓe baki. Ni kam in na tuna ta, haushi da tausayi ne suke kama ni lokaci ɗaya. Ku karanta, ku yanke naku hukuncin.

Mijinta, Anselme Vallin, attajirin siliki ne, gidansa da kantinsa suna Gangare. Shi ba ya saƙa. Zare yake auna wa masu saƙa, su hau Tudu da shi, su sauko masa da yadi, a sake ɗorawa a sikeli. In nauyi ya ragu, a ladan mai saƙa ake cirewa.

Madam 'yar malamin makaranta ce. Ta yi karatu, alƙalaminta kuma yana da kaifi, sai dai a gidan Vallin babu mai tambayarta komai in ba abin da za a dafa ba. 'Yarta ɗaya, Ernestine, kuma ita ce duk farin cikinta.

A shekarun nan ne wata sabuwar magana ta shigo gari, wadda daga baya aka raɗa mata suna gurguzu. Wai masu aiki su haɗa kai, su haɗa kayan aiki, kowa ya ci guminsa, mace kuma ta zauna daidai da namiji. Mazan tafiyar sun iya wa'azin nan, ba laifi. Amma in an tashi daga taro, mata ne dai ke kwashe kofuna.

Da matan suka gaji, sai suka buɗe tasu 'yar jarida, suka sa mata suna Ƙoshiya, wato ɗan katakon da mai saƙa ke jefa zare da shi. Wata tsohuwa mai ɗinkin safar hannu, Iya Bruyas, ita ke haɗa ta. Duk Lahadi bayan coci mata ke cika ɗakinta, ana karatu, ana gardama, ana koya wa juna baƙi.

Suna da ƙa'ida ɗaya da suke ji da ita. Duk wadda ta yi rubutu, sunanta na yanka kaɗai za ta sa.

Iya Bruyas takan ce, "Sunan ubanki nasa ne. Sunan mijinki nasa ne, aro ya ba ki. Wanda aka kira ki da shi ranar da aka zuba miki ruwa a coci, shi kaɗai ne naki."

Akwai kwando mai murfi a bayan ƙofa. Mai rubutu ta jefa nata a ciki in za ta fita, ba a tambayar wa ta jefa. In an gama bugawa, Iya ta cusa takardun hannun a murhu saboda 'yan sanda.

Madam Vallin ta fara zuwa taron nan a ɓoye. Mijinta ya ɗauka marasa lafiya take kai wa romo. Matan sun karɓe ta, suna ce mata 'yar'uwa kamar yadda suke ce wa juna, amma harshe ba ya daɗewa yake zamewa ya koma Madam. Hularta da safar hannunta ba su bari kowa ya yi tunanin tambayar sunanta ba.

Mace ɗaya ce ta tambaya. Pélagie Mazuy, gwauruwa, mai saƙa wa kantin Vallin. Mijinta ya rasu ya bar mata keken saƙa na katako, dogo har yana tokare da rufin ɗaki, da shi take ci da kanta da tsohuwarta. Mace ce mai barkwanci, bakinta ba ya shiru.

Ran nan suna zaune benci ɗaya, mai saƙar ta zunguri Madam da gwiwar hannu. "Ni fa na gaji da Madam ɗin nan. Ba a yi miki suna ba ne?"

Madam ta yi murmushi, ta raɗa mata a kunne, "Pélagie."

"Kai! Ashe takwara ce! To yaya aka yi wajen rabo ke kika samu hula ni na samu ciwon baya?"

Suka ƙyalƙyale da dariya har Iya ta harare su. Daga ranar, in su biyu ne, ba sa kiran juna da komai sai Takwara. Ni ma daga nan Takwara zan riƙa ce wa mai saƙar, kada ku rikice.

Wata Lahadi a farkon kaka, Takwara ta miƙe a taro ranta a ɓace.

"'Yan'uwa, ku gaya mini, siliki yana da ƙafa ne? Na karɓo zare, ko sili ɗaya bai faɗi ƙasa ba, na share ƙarƙashin keke na duba. Na kai yadi, akawu ya ce nauyi ya ragu. Ina ya tafi? Ko ni nake cinye shi da miya?"

Ɗaki ya kaure. Kowa da irin nata labarin. Kowa na zargin ana jiƙa zaren kafin a auna, amma babu wadda ta taɓa gani da idonta.

Madam kuwa, da ke zaune a cikinsu, ta gani. Ta sha sauka ɗakin ƙasa na kantinsu, ta ga bokitan ruwa jere a ƙarƙashin katakon da ake ajiye zare, ƙofa a rufe, bango yana naso. Siliki yana shan danshi, ya yi nauyi. Ya hau Tudu, ya bushe a ɗaki mai murhu, nauyin ya gudu. Mai saƙa ta biya kuɗin ruwa.

Aka tashi daga taro, ta koma gida. Ta zauna ta rubuta abin tiryan-tiryan, ba ta ambaci sunan kanti ba, amma ta kwatanta ƙofar, da bokitan, da akawu mai tari. Rubutun ya yi kyau, ita ma ta san ya yi kyau. Ta karanta ta sake karantawa, tana jin kanta kamar ta yi tsawo. A ƙasa ta sa sunanta na yanka, yadda ƙa'ida ta ce: Pélagie.

Jama'a, a nan ne nake jin zafinta. Ta yi tunanin mijinta, ta yi tunanin 'yan sanda, ta yi tunanin yadda mata za su tafa. Amma matar da suke zama benci ɗaya, mai irin sunan, mai karɓar zare a kantin da ta kwatanta, ko sau ɗaya ba ta faɗo mata a rai ba.

Jarida ta fito. Kafin ka ce me, Tudu ta ɗauka. Ana karantawa a ɗakunan saƙa, ana karantawa a shagon giya, waɗanda ba su iya karatu ba sun haddace. Masu saƙa suka sauko a ƙungiya suka ce ba za su ƙara karɓar zare ba sai an shanya shi a gabansu.

Da rana wajen cin abinci Vallin ya shigo da jaridar a dunƙule, ya jefa ta kusa da kwanon miya.

"Kin ga takwararki? Matar da na riƙe bayan mijinta ya mutu, don tausayi! Ashe leƙe take mini a ɗakin ƙasa."

Madam ta dubi jaridar. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Ta buɗe baki, ta dubi Ernestine da ke gefenta tana tsoma burodi a miya, ta rufe bakin.

"Ko ba ita ba ce," ta ce a hankali.

"To wa? Limamin coci?" Ya ja tsaki. "Miƙo gishiri."

Ta miƙa masa gishirin.

Washegari ya sa aka kira Takwara. A kantin akwai wani ɗan lungu mai tagar ƙarfe inda masu saƙa ke tsayawa jiran akawu, su suna ce masa keji. Ranar kejin cike yake. Madam ta laɓe a kan matakalar da ke saukowa daga gida, tana jin komai.

Vallin ya ɗaga jaridar. "Mazuy, matso. Wannan sunan wa?"

"Sunana ne, Maigida. Sunan mata da yawa ne kuma."

"A cikin masu karɓar zarena, Pélagie nawa ce?"

"Ni kaɗai."

"To ke kika rubuta?"

Takwara ta ɗaga ido. Ta hango bakin siket a kan matakala, siket ɗin da ta sani sarai. Ta mayar da idonta kan Vallin.

"Maigida, abin da aka rubuta ɗin ƙarya ne?"

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Fuskar Vallin ta yi ja.

"Tambayarki nake yi!"

"Ni ma tambaya na yi."

Ya sassauta murya, don shi ma bai so rasa ta ba. "Ki ce ba ke ba ce, ki faɗi wadda ta yi, ki ɗauki zarenki ki tafi. Magana ta ƙare."

"Bakina yana da surutu, Maigida, kowa ya sani. Amma bai saba ɗaukar sunan mutane ba."

"To daga yau babu zarena a ɗakinki. Kuma ki zaga Gangare kaf, ki ga wanda zai ba ki."

Haka kuwa aka yi. Attajiran suka haɗa baki. Keken Takwara, wanda maƙwabta ke tashi da ƙararsa, ya yi shiru.

Madam ta koma ɗakinta, ta kwaso duk takardun da ta yi gwajin rubutun a kansu, ta zuba a wuta. Hannunta na ƙona takardu, bakinta na cewa gobe zan faɗa masa.

Kada ku ce tsoronta na banza ne. Dokar lokacin ta ba uba 'ya'ya, uwa ba ta da ta cewa. A layinsu ma an yi haka: wani likita ya ji matarsa na zuwa irin taron nan, ya mayar da ita gidan iyayenta, ya riƙe yaran. Madam takan ga matar a bakin coci, tsaye daga nesa tana kallon 'ya'yanta. Duk sanda ta shirya magana, fuskar matar nan ce ke zuwa mata.

Sai Madam ta koma aika wa Takwara kwandon abinci. Burodi, cuku, wani lokaci guntun naman alade. Mai aikinta ta hau Tudu da shi, ta dawo da kwandon wayam.

"Me ta ce?"

"Ta ce a gode miki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Madam. Ta ce tsohuwa ta ji daɗin cukun."

Da Takwara ta mayar da kwandon da zagi, da Madam ta fi samun sauƙi.

Ta ɗauke ƙafa daga taro na ɗan lokaci, daga baya ta kasa daurewa ta je. Tana shiga ta tarar mata sun kewaye Takwara. Wannan ta kawo mata dankali, waccan ta riƙe mata hannu. Iya Bruyas na cewa, "Ga mace! Wasu na nan suna rubuta mana waƙar furanni, ita ta kwashe bokiti daga ɗakin ƙasan attajirai."

Takwara ta ce, "Iya, ni fa ban ce ni ce ba."

"Mun sani, mun sani. Ƙa'ida ce. Zauna."

Kunya ta rufe Madam. Kuma a ƙarƙashin kunyar, Allah ya shirye mu, akwai ɗan kishi. Yabonta ne ake ba wata. Da ta kama kanta tana jin haka, sai ta ji ta tsani kanta gaba ɗaya.

Da aka tashi, ta bi Takwara har wani lungu tsakanin gidaje inda babu kowa. Takwara ce ta fara juyowa.

"Takwara, kin rame. Miyar Gangare ta daina daɗi ne?"

Hawaye suka zubo wa Madam. "Kin sani?"

"Tun layin farko. Wa zai kwatanta tarin akawu haka in ba wadda take jin sa ta ƙasan ɗakinta ba?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa, da yanzu ina Ernestine? Ni ban haihu ba, amma ba dutse ba ce ni." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Rubutun ya yi daɗi, ban ƙi ba. Sai dai da kin zungure ni kin ce, Takwara, zan jefa dutse da sunanmu, ki sunkuya. Ko wannan."

"Ban yi tunani ba. Na rantse ban yi tunani ba."

"Na yarda. Shi ne ma abin da ya fi ci mini rai."

Madam ta kai hannu za ta cire 'yan kunnenta. Takwara ta riƙe hannun.

"Bar su. Su biya hayar wata ɗaya, sai kuma me? Ni zare nake so. Bakin mijinki ne ya rufe shi, bakinsa ne zai buɗe. Mai gidan haya ya ce in Kirsimeti ta zo ban biya ba, keke zai ɗauka. Keken nan shi ne duk abin da Mazuy ya bari a duniya. Ni ba zan faɗi sunanki ba ko za a yanka ni. Amma ke kina da baki, Takwara."

"Zan faɗa masa. Kafin Kirsimeti, na yi alkawari."

"To."

Takwara ta juya ta hau matakalar Tudu, ba ta waiwaya ba.

Ku ji yadda alkawarin ya tafi. Satin farko Vallin yana fushi da wani ɗan kasuwa, ta ce bari ya huce. Da ya huce, Ernestine ta kama mura, ta ce ba a tayar da rigima yarinya na kwance. Sai baƙi suka zo daga Paris. Akwai ranar da har ta tsaya a ƙofar ofishinsa ta ce, "Anselme, ina da magana." Ya ɗago ya ce, "Ina ji." Ta ce labulen falo ya koɗe.

Abinci ya daina shiga mata. A coci, in an zo wurin da kowa ke bugun ƙirji yana cewa laifina ne, sai ta buga da ƙarfi har ta kusa da ita ta waiwayo. Ta je gaban fada, limamin cocinsu, don ta furta zunubanta, ta faɗi hassada, ta faɗi ƙarya, ta bar babban a ciki.

Kirsimeti ta zo. Aka soya agwagwa a gidan Vallin, aka kunna kyandir, Ernestine ta samu 'yar tsana. Bayan biki maza suka hau Tudu da guduma, suka kwance keken Takwara gaɓa-gaɓa suka sauko da shi.

Madam ta ji labari a bakin mai aikinta. Ba ta yi kuka ba. Ta daina aika kwando, don kunya ba ta bar ta ba. Ta daina zuwa taro. Ta daina rubutu. Ta zauna a falo tana ɗinkin fure a jikin matashi, hunturu yana wucewa ta taga.

Sai wata safiya wajen ƙarshen sanyi, mai aikin ta dawo daga kogi da wankin gida a kanta. Tana ninke zannuwan gado tana surutu.

"Madam, kin san wa ke mana wanki yanzu? Mai jaridar nan. Tana jirgin wanki na ƙarƙashin gada tun bayan Kirsimeti. Ta iya kuwa, kin ga yadda ya yi fes?"

Madam ta dubi zanen. Duk tsawon hunturun nan, ashe a kan wankin Takwara take kwana.

Ranar ba ta jira ya huce ba, ba ta jira komai ba. Wajen abincin rana ta tura Ernestine ɗaki, ta tsaya a gaban mijinta.

"Anselme, rubutun nan na Ƙoshiya, ni na yi shi. Sunana ne a ƙasa. Ni na ga bokitan. Mazuy ba ta san komai ba. Ka yi mini abin da za ka yi."

Vallin ya ajiye cokali. Ya dube ta sama da ƙasa. Sai ya fashe da dariya, dariya har da dukan tebur, har da share ido.

"Ke? Ke da ko sikeli ba ki taɓa ɗagawa ba?"

"Ni ce."

Ta fara karanto masa rubutun da ka. Ya ɗaga hannu.

"Ai ko mai tallan kifi ya haddace wannan. Ina takardun?"

"Na ƙone."

"Ato." Ya sake yin dariya. "Zuciyarki ta cika laushi, Madam. Wato don ki ceci mai wanki shi ne za ki ɗauki laifi ki aza wa kanki? To zauna, ba sai kin yi ƙarya ba. In abin ya dame ki haka, ta zo ta karɓi zare. Ni ma tun da ta tafi ban samu mai saƙa mini yadi mai sheƙi irin nata ba, girman kai ne kawai ya hana ni aika mata. Keken ma yana ɗakin ajiyarmu, akawu ya saya a hannun mai gidan hayar. A mayar mata, ta riƙa biya a hankali."

Madam ta dube shi.

"Shi ke nan?"

"Me kuma? Ai da tun kaka kika ce mini a yi mata afuwa, da tuni na yi. Uzuri kawai nake nema. Miƙo cukun nan."

Bai kore ta ba. Bai taɓa Ernestine ba. Ko yarda ma bai yi ba. Abin da ta yi watanni tana mutuwa a kansa ya ƙare tsakanin miya da cuku.

Ko hula ba ta tsaya sawa ba. Ta yafa mayafinta na siliki ta nufi kogi, rabi tafiya rabi gudu.

Jiragen wanki suna ɗaure a bakin kogin Saône kamar kullum, mata durƙushe a jere suna bugun kaya, tururin ruwan toka yana tashi. Ta taka katakon da ke shiga jirgin. Wata mai wanki ta ɗaga murya, "Ku ba da hanya, ga Gangare ta zo da kanta! Madam, safa ce ta ɓata?" Aka yi dariya.

Takwara tana can ƙarshe. Ta faɗa, ta yi duhu, amma idon nan nata na tsokana yana nan.

"A'a, Takwara. Yau kuma a jirgi?"

"Na faɗa masa!" Madam tana haki. "Na faɗa masa komai. Ya ce ki zo ki karɓi zare. Kekenki yana nan, ba abin da ya same shi, za a mayar miki. Gobe ma in kina so!"

Takwara ta ajiye itacen bugu. Ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi fushi ba.

"Ernestine fa?"

"Tana gida. Bai yi komai ba. Dariya ya yi." Madam ta sake cewa, "Dariya kawai ya yi, Takwara."

"To madalla. Na ji daɗi." Ta goge hannuwanta a jikin zanen aikinta. "Miƙo gefen mayafinki."

Madam ba ta gane ba, amma ta miƙa. Takwara ta ɗora tafin hannunta a kan silikin ta shafa a hankali. Aka ji wani ɗan ƙara, ƙiiir. Da ta ɗaga hannun, zaruruwa sun tashi tsaye duk inda ta bi, wasu sun maƙale a fatarta.

Sai a lokacin Madam ta kalli hannuwan. Sun kumbura, sun tsattsage, kaushi ya yi musu ɓawo. Yatsu biyu na dama sun sandare a lanƙwashe.

"Ruwan toka da ruwan ƙanƙara," in ji Takwara. "Hannun da ya yi hunturu ɗaya a nan, ya gama da siliki. Duk mai saƙa ta san haka. Zare ɗaya na taɓa sai ya tsinke."

"Za su warke. Zan kawo mai, zan kira likita..."

"Fatar za ta rufe. Yatsun ba za su miƙe ba, na gwada." Ta cire wani silin zare daga babban yatsanta ta hure shi. "Ki ce wa mijinki na gode. Keken a ba wata yarinya mai hannu. Ƙafarsa ta hagu tana ɗan rawa, a sa mata tsinke."

Madam ta zube a kan gwiwoyinta a cikin ruwan da ke kwance a jirgin. Masu wanki duk sun daina bugu.

"Ki yafe mini. Don Allah ki yafe mini. Ni ce, ku ji, ni na rubuta! Ni ce Pélagie ɗin!"

Matan suka dubi juna. Ɗaya ta ce a hankali, "Allah sarki, baiwar Allah, tausayi ya taɓa mata kai."

Takwara ta dube ta.

"Na yafe tun tuni. Riƙo yana son ƙarfi, ni kuwa ba ni da na banza." Ta ɗauki itacen bugunta. "Tashi, Takwara. Za ki ɓata siket, kuma ni ce zan wanke."

Ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.

Darasi: Faɗin gaskiya abu ne mai kyau, amma kafin ka faɗe ta daga inda ka ɓuya, duba wa ke tsaye a fili da zai sha dukan a madadinka. In kuwa har kuskurenka ya faɗa kan wani, yau za ka buɗe baki, kada ka ce gobe. Sau da yawa abin da kake tsoro bai kai yadda ka zata ba, amma wanda ke jiranka yana asarar abin da neman gafara ba zai dawo masa da shi ba. In akwai wanda yake ɗauke da laifinka a yanzu haka, ajiye wayar nan ka neme shi. Sannan ka tura labarin ga wasu, wataƙila akwai mai alkawarin da har yanzu yake cewa gobe.